Maganin raunin gaba na asibiti: yadda ake zaɓensa da yadda ake shan sa

Ina da shekara 51 na fara lura gabana ba ya miƙewa kamar da. Ba rana ɗaya abin ya faɗo mini ba. Da farko yakan miƙe sai ya saki ana tsaka da saduwa, daga baya miƙewar da namiji ya saba farkawa da ita da safe ta yi ƙaranci, har ta kai ina tsirar aikin da bai zama dole ba da daddare don uwargida ta yi barci kafin in shiga ɗaki. Wata 14 na yi a haka. Mutum ɗaya na faɗa wa, wani abokina, shi kuma ya zaro ƙwaya ɗaya daga aljihu ya danƙa mini.

Sildenafil ce mai miligiram 100. Na ci abincin dare mai maiƙo na ƙoshi, na kora ƙwayar da ruwa, na kwanta ina jiran abu ya faru da kansa. Abin da ya zo shi ne ciwon kai da toshewar hanci, fuskata ta ɗau zafi, gaba kuwa ko motsi. Washegari na yanke hukunci cewa nawa ya fi ƙarfin magani. Sai da na ga likita na gane kuskure uku na tafka a dare ɗaya: na abinci, na lokaci, da na zaman jira. Akwai kuma na huɗu da ya fi su hatsari, wato shan magani mai saukar da jini ba tare da wani ya duba zuciyata da sauran magungunan da nake sha ba. Yau shekara 4 ke nan ina shan irin wannan magani da takardar likita. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, majinyaci ne da ya yi ta tambaya har ya fahimci abin da yake haɗiya.

Ɗan'uwa, ka fara da ganin likita, domin ruwa ba ya tsami banza. Miƙewar gaba aikin jini ne. Jijiyoyin da ke kai jini gaba sirara ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, na zuciya kuwa sukan kai milimita 3 zuwa 4. Idan suga ko hawan jini ko kitsen jini ko hayaƙin taba suka fara lalata jijiyoyin jiki, siraran ne ke fara nuna alama. Shi ya sa a wajen maza da yawa raunin gaba ke rigan ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Wanda ya sayi ƙwaya ya rufe alamar ya ci gaba da harkarsa, ya yi asarar gargaɗin da jikinsa ya aiko masa da wuri. Ni a wannan zuwan aka gano ina da ciwon suga, ban taɓa sani ba.

Na kwana ina tsara yadda zan faɗa, amma da na zauna gabansa jimla ɗaya ta fito: "Likita, gabana ba ya tsayawa." Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Malam, tun yaushe?" Daga nan ya shiga tambayoyi. A hankali abin ya zo ko farat ɗaya? Ina farkawa da miƙewa da safe? Sha'awar tana nan ko ita ma ta tafi? Matsalar wajen miƙewa ce, ko wajen daɗewa a miƙe, ko saurin kawowa ne? Ina shan taba? Ina iya hawa bene mai hawa 2 da hanzari ba tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ba? Kowace tambaya da dalilinta. Wanda abin ya zo masa farat ɗaya kuma yana farkawa a miƙe, galibi fargaba ko damuwa ko saɓani da iyali ne a gaba. Wanda abin ya zo masa sannu a hankali har na safe ya ɓace, an fi zargin jijiyoyi. Tambayar bene kuwa ta zuciya ce, domin saduwa tana buƙatar ƙarfi kwatankwacin wannan hawan, kuma wanda bene ke sa wa ciwon ƙirji, likitan zuciya ya kamata ya fara gani kafin a yi zancen ƙwaya.

Ya auna jinina, ya tura ni gwajin suga da na kitsen jini da na ƙoda, da na sinadarin maza da ake kira testosteron. Shi wannan da safe ake ɗibar jininsa, kafin ƙarfe 11, saboda a lokacin ya fi yawa a jiki.

Abu mafi amfani da za ka yi kafin ka fita gida shi ne ka kwashe duk magungunan da kake sha ka zuba a jaka ka tafi da su, da kwalayensu. Na asibiti, na saye da kanka, na ganye, na ƙarin kuzari, kada ka bar ko ɗaya. Kwatance irin na "wata 'yar farar ƙwaya ta hawan jini" ba ya amfanar likita da komai. Da ya zazzage jakata a kan tebur, ya ɗaga guda biyu, atenolol da bendroflumethiazide, ya ce duka biyun suna iya raunana gaba a wajen wasu. Ya canja mini tsarin maganin hawan jinin. Wasu magungunan ciwon damuwa, da finasteride da ake sha don zubewar gashi ko matsalar fitsarin maza, da masu kashe zafi irin su tramadol idan an daɗe ana sha, su ma suna yin haka. Amma kada jin wannan ya sa ka ajiye maganin hawan jininka da kanka. Hawan jinin da aka sake shi ma yana kashe gaba, kuma yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Babban abin da likita ke nema a cikin jakar shi ne magungunan ciwon ƙirji na zuciya, dangin naitiret. Ka duba kwalayenka ko akwai waɗannan sunaye: nitroglycerin ko glyceryl trinitrate, wanda ake sawa ƙarƙashin harshe ko a fesa a baki ko a manna a fata, da isosorbide mononitrate, da isosorbide dinitrate. Haka nan nicorandil, da riociguat na hawan jinin huhu, da ruwan amyl nitrite da wasu ke shaƙa don nishaɗi. Wanda ke amfani da ɗaya daga cikinsu, ko da sau ɗaya ne a wata, babu shi babu ƙwayar ƙarfin gaba, kowace iri ce. Naitiret yana buɗe jijiyoyin jini, ƙwayar ma tana buɗe su ta hanya guda, idan suka haɗu sai jini ya faɗi warwas, mutum ya suma, zuciya ta rasa jinin da take buƙata. An rasa rayuka ta wannan hanya. Raba su da awa biyu ko uku ba ya magance komai. Duk lokacin da na tuna ƙwayar da abokina ya ba ni, nakan tuna bai tambaye ni ko ina shan maganin zuciya ba, ni ma ban san akwai abin tambaya ba.

Akwai wasu kuma da dole likita ya sani. Masu shan doxazosin ko tamsulosin saboda kumburin furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara, ana fara musu da ƙaramin awo domin haɗin yana kawo jiri idan an miƙe tsaye. Ritonavir da ke cikin wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, da ketoconazole da itraconazole na cututtuka irin su makero, da clarithromycin da erythromycin masu kashe ƙwayoyin cuta, suna hana hanta narkar da ƙwayar da wuri, sai ta taru a jini. Ruwan garehul, wani babban lemo mai ɗan ɗaci, shi ma yana yin irin wannan. Ka faɗa masa idan ka samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a cikin wata 6 da suka wuce, ko jininka yana ƙasa sosai, ko kana da ciwon hanta ko na ƙoda, ko ka taɓa rasa gani a ido ɗaya farat ɗaya, ko kana da sikila, ko gabanka yana da lanƙwasa mai ciwo.

Sanin yadda ƙwayar ke aiki shi ne rabin iya shan ta. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyin saƙo suna sakin wani sinadari a cikin gaba, naitirik oksaid, shi kuma ya sa a samar da wani mai suna cGMP, wanda ke sassauta naman jijiyoyin jini su buɗe, jini ya kwararo ya cika gaba. Jiki yana da wani sinadarin da ake kira PDE5, aikinsa rusa cGMP ɗin domin gaba ya koma ya kwanta. Ƙwayar nan PDE5 take riƙewa na ɗan lokaci. Ke nan ba ita ke kunna wutar ba, hana ta saurin mutuwa take yi. In babu sha'awa da wasa da taɓawa, babu abin da za ta riƙe, kuma wannan ne ya sa na kwana ina jiran gawon shanu a daren farko. Ba ta ƙara sha'awa, ba ta ƙara girman gaba, ba maganin saurin kawowa ba ce, kuma ba ta kare kowa daga cutar da ake ɗauka ta saduwa. Kamfanin Pfizer a Ingila ya fara gwada sildenafil ne a matsayin maganin ciwon ƙirji, sai aka lura da abin da yake yi wa mazan da ke cikin gwajin. A 1998 Amurka ta amince da shi da sunan Viagra. Asalinsa maganin jijiyoyin jini ne, kada ka manta da wannan.

Guda huɗu ne aka fi sani a wannan dangi. Sildenafil yana zuwa a miligiram 25, 50 da 100, galibi ana farawa da 50, ko 25 ga wanda ya haura shekara 65 ko mai matsalar hanta ko ƙoda. Ana shan sa kamar awa ɗaya kafin saduwa, ƙarfinsa yana kai awa 4 zuwa 5. Vardenafil, wato Levitra, kusan ɗan'uwansa ne wajen lokaci, yana zuwa a miligiram 5, 10 da 20, sai dai ana kaffa-kaffa da shi ga masu matsalar tsarin bugawar zuciya. Avanafil, da ake sayarwa da sunan Stendra ko Spedra, ya fito a 2012, ya fi sauran saurin kamawa, minti 15 zuwa 30, amma ba ko'ina ake samun sa ba. Tadalafil, wato Cialis, shi ne ya fita daban. Yana daɗewa a jiki har awa 36, abinci ba ya hana shi aiki, kuma iri biyu ake shan sa: miligiram 10 ko 20 idan buƙata ta taso, ko miligiram 2.5 ko 5 kullum a lokaci guda. Awa 36 ɗin nan ba yana nufin gaba zai kwana a miƙe ba. Yana nufin a cikin wannan tsakanin, idan sha'awa ta zo jiki zai amsa, bayan an gama kuma ya kwanta kamar yadda aka saba.

Wanne ya fi? Wajen ƙarfin aiki babu tazara mai yawa a tsakaninsu, don haka tsarin rayuwarka da lafiyarka ne ke zaɓa. Idan saduwarku sau ɗaya ce a mako ko ƙasa da haka, kuma kana iya sanin lokacin tun da wuri, sildenafil ya isa, kuma shi ne aka fi daɗewa ana amfani da shi. Idan kallon agogo yana jefa ka cikin fargaba, tadalafil ya fi sauƙi. Idan kuna saduwa sau biyu ko fiye a mako, ko kana fama da yawan tashi fitsari da dare saboda furostet, to tadalafil mai miligiram 5 na kullum yana jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin an amince da shi don matsalar fitsarin ma. Shi na kullum yana ɗaukar kwana 5 ko makamancin haka kafin ya zauna a jini sosai. Amma ka lura, daɗewarsa tana da nata nauyin: idan ya dame ka da ciwon baya, damuwar ma za ta daɗe, kuma idan ciwon ƙirji ya taso, likitoci ba za su iya ba ka naitiret ba sai bayan awa 48, alhali na sildenafil awa 24 ne.

Ni da sildenafil 50 aka fara mini. Na yi shekara guda a kansa, yana aiki, amma lissafin awa da na abinci ya dame ni, ita ma uwargida ta ce abin ya zama kamar alƙawarin ganin likita. Muka koma tadalafil na kullum, har yau a kansa nake. Wani da na sani ya bi akasin hanyata, ya bar tadalafil saboda ciwon baya da na cinya ya koma sildenafil, kuma ya samu yadda yake so. Canjawa daga wannan zuwa wancan ba faɗuwa ba ce, amma da sanin likita ake yi.

Wajen sha kuwa, ga abin da ya gyara mini al'amari. In sildenafil ne ko vardenafil, ka sha da ciki marar nauyi, ko ka bar awa 2 bayan cin abinci. Abinci mai maiƙo yana jinkirta shigar sildenafil cikin jini da kusan awa ɗaya, yana kuma rage kaifinsa. Ka ba shi cikakkiyar awa, kada ka gwada a minti na 10 ka ce bai yi ba. Barasa tana kashe miƙewa, kuma idan ta haɗu da ƙwayar tana ƙara jiri da faɗuwar jini. Sau ɗaya ake sha a cikin awa 24. Ba a ƙara wata ƙwayar don ta farko ta yi jinkiri, ba a haɗa iri biyu, kuma ba a wuce miligiram 100 na sildenafil ko 20 na tadalafil. Abin da ke sama da haka ciwon kai da hatsari yake ƙarawa, kada garin neman gira a rasa ido.

Kada ka yanke hukunci da gwaji ɗaya. Likitoci sukan ce a gwada sau 6 zuwa 8 yadda ya kamata, har a kai awon da ya fi girma da jikin mutum zai iya ɗauka, kafin a ce maganin bai karɓe shi ba. Daren farko fargaba ce ke cika ɗaki, ita kuma fargaba tana sa jiki ya saki sinadarin da ke matse jijiyoyin jini, wato akasin abin da ake nema. Ni sai a karo na uku na ga canji na gaske. Na ajiye 'yar takarda ina rubuta rana, da awo, da lokacin da na sha, da abin da na ci, da yadda aka ƙare, na kai wa likita bayan wata guda. Da ita ya gane matsalar ba ta awo ba ce, ta lokaci ce. Kusan kashi biyu bisa uku na maza suna samun sauƙi da waɗannan magunguna. A wajen masu ciwon suga da waɗanda aka yi wa tiyatar furostet adadin ya yi ƙasa da haka, shi ya sa saita suga yake cikin maganin. Da sugana ya sauka, na bar taba, na kama tafiyar ƙafa ta minti 30 kusan kullum, ƙwayar da nake sha ba ta canja ba amma aikinta ya ƙaru.

Akwai ƙananan illoli da wasu kan gamu da su: ciwon kai, zafin fuska da ja, toshewar hanci, ƙwannafi, ɗan jiri. Sildenafil yakan sa wasu su ga abubuwa da launin shuɗi-shuɗi ko haske ya dame su na 'yan awoyi. Tadalafil yakan kawo ciwon baya ko na tsoka, sau da yawa washegari. Yawanci suna raguwa idan jiki ya saba, in kuma sun matsa, rage awo ko canja iri yakan warware.

Akwai guda huɗu da ba a jira gari ya waye a kansu. Na farko, gaba ya miƙe ya ƙi kwantawa har awa 4. Jinin da ya maƙale a ciki ba ya samun iska, kuma idan aka daɗe naman wurin yana lalacewa har mutum ya rasa miƙewa gaba ɗaya. Kunya ba ta da wuri a nan, sashen gaggawa na asibiti za ka nufa. Masu sikila da masu sankarar jini sun fi kowa shiga wannan hatsari. Na biyu, gani ya dushe ko ya ɗauke farat ɗaya, ko da a ido ɗaya ne. Na uku, ji ya ɗauke ko kunne ya kama ƙara tare da jiri. Na huɗu, ciwon ƙirji ana cikin saduwa ko bayanta. Ka dakata, ka zauna, a nemi agajin gaggawa, kada ka sa komai ƙarƙashin harshe, kuma da ka isa ka faɗa musu sunan ƙwayar da ka sha da ƙarfe nawa ka sha. In ka ɓoye, maganin farko da za su ɗauko don ceton ka yana iya zama naitiret.

Wannan ya kawo ni ga maganar uwargida, domin ranar da ka kasa magana ita ce za ta yi. Na ɗauki wata 14 ina ɓoye mata, ita kuma a duk tsawon lokacin nan tana zaton na daina son ta ne, ko akwai wata a waje. Ranar da na dawo daga asibiti na zaunar da ita na ce jijiyoyin jinina ne suka samu matsala, suga ne ya jawo, ga maganin da aka rubuta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Da ka faɗa mini tun farko, da ban kwana ina kuka ba." Maganar nan har yau tana ci mini rai. Ta ɓangaren aikin magani ma faɗar tana da amfani, domin idan ta san ana buƙatar lokaci da wasa ba tare da gaggawa ba, rabin fargabar ta tafi. Idan tushen matsalar damuwa ce ko saɓani, ƙwaya takan taimaka wajen karya tsoron "yau ma zai ƙi", amma ganin mai ba da shawara kan lafiyar tunani, ku biyun in zai yiwu, shi ke cire ƙayar.

Inda ka sayi maganin yana da muhimmanci kamar sunansa. Waɗannan ƙwayoyi suna cikin waɗanda aka fi yin jabunsu a duniya, saboda masu yi sun san kunya tana hana mai saye tambaya. A 2008, a Singafo, an kwantar da mutum 150 marasa ciwon suga saboda sugansu ya faɗi ƙasa matuƙa, aka gano da yawansu sun sha jabun magungunan ƙarfin maza da aka gauraya da glibenclamide, maganin masu ciwon suga. Mutum 4 suka rasu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil ko tadalafil a ɓoye cikin zuma da kofi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "na ganye zalla". Hatsarin a fili yake: mai shan naitiret da ya guji ƙwayar asibiti ya koma "na ganye" yana iya haɗiye abin da ya guje wa, kuma da awon da ba wanda ya sani.

Ka saya a kantin magani mai rajista, da takardar likita. Ka duba kwali: sunan sinadarin, miligiram, lambar rukuni, ranar ƙarewar aiki, lambar rajistar hukumar magunguna ta ƙasarka, da takardar bayani a ciki. Duk shafin intanet da zai aiko maka ba tare da ya tambayi lafiyarka ba, ka bar shi. Haka duk kwalin da ke alfahari da sildenafil miligiram 150 ko 200. Ba dole sai mai sunan Viagra ko Cialis ba. Tun da wa'adin mallakar Pfizer ya ƙare a yawancin ƙasashen Turai a 2013, kamfanoni da dama suna yin sildenafil mai rajista, sinadari ɗaya, aiki ɗaya. Kuma kada ka yi wa wani abin da abokina ya yi mini, ka miƙa masa taka alhali ba ka san abin da ke cikin jakar magungunansa ba.

Idan an gwada iri biyu yadda ya dace ba a dace ba, ko kana cikin waɗanda naitiret ya rufe wa ƙofa, hanya ba ta ƙare ba. Akwai alprostadil, da ake yi da siririyar allura a gefen gaba ko a zura ta ƙofar fitsari. Shi ba ya jiran sha'awa, kuma a asibiti ake koya wa mutum awon farko saboda hatsarin miƙewar da ta ƙi kwantawa. Akwai famfon da ke jan jini zuwa gaba a sa zobe a tushen gaban, zoben ba ya wuce minti 30. Akwai kuma tiyatar dasa na'ura a ciki ga wanda sauran suka gaza masa. Testosteron kuwa sai ga wanda gwaji ya nuna nasa ya yi ƙasa, kuma mai neman haihuwa ya faɗa tun farko, domin shan sa yana rage ƙwayoyin maniyyi.

Ni yanzu duk wata 6 nake komawa, a auna jini da suga, a sake zazzage jakar a kan tebur, domin magungunan mutum suna canjawa, kuma abin da ya dace bara yana iya cin karo da sabon da aka ƙara bana. Duk likitan da zai rubuta mini wani abu, ko na haƙori ne, ina faɗa masa ina shan tadalafil. A cikin walat ɗina, bayan katin shaida, akwai 'yar takarda da na rubuta da hannuna: tadalafil miligiram 5 kullum da ƙarfe 9 na dare, kada a ba ni naitiret, sai lambar wayar uwargida a ƙasa.